Batirin na'urar auna ruwan tanki ba ya kaiwa mako, ina wutar take zurarewa?

Mai Sola Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar ƙananan na'urori masu aika saƙo ta layin waya, musamman ta ɓangaren batir.

Kawuna yana da bohol a wurare uku, biyu a nan Agege, ɗaya can wajen Ojo kusa da Alaba Rago. Ruwa yake sayar wa 'yan ga-ruwa, su cika jarkoki a kura su shiga unguwa. A kowane wuri akwai tankin roba baƙi a kan ƙarfe mai tsawon bene biyu. Abin da ke damunsa shi ne ba ya sanin yawan ruwan da ke ciki sai yaro ya hau tsani ya ɗaga murfi, ko kuma sai famfo ya fara tari da sassafe alhali kuraye sun yi layi har bakin titi, ba wuta, janareta kuma ba mai. Wani lokacin akasin haka ake samu, a kunna sumo da dare a manta da shi, ruwa ya yi ta zuba har cikin gidan maƙwabta, gari ya waye da faɗa. Shekarunsa sun ja, zirga-zirga tsakanin Agege da Ojo a cunkoson Legas ta fara yi masa nauyi, shi ya sa na ɗauki alkawarin zan haɗa masa abin da zai riƙa gaya masa matakin ruwa a wayarsa.

Ga abin da na haɗa. Bod ɗin ESP32, wato ƙaramar kwakwalwar da ke tafiyar da na'urar, irin wanda ake sakawa kebul ɗin USB, sai modem SIM800L mai aika saƙo ta layin 2G, sai sensa JSN-SR04T mai auna nisa da sauti wadda na huda murfin tanki na liƙa ta tana kallon ruwa. Batir 18650 guda biyu na haɗa gefe da gefe, da cajar TP4056, da ƙaramin bod mai ɗaga wuta zuwa 5V. Daga 5V ɗin nake ciyar da ESP32 da sensa, SIM800L kuma na ba shi ta diyod don wutar ta ɗan sauka. Kod ɗin da na rubuta yana tashi duk bayan awa ɗaya, ya auna ruwa, ya aika lambar ta data zuwa saba, wato kwamfutar da ke adana bayanai a intanet, ya koma barci mai nauyi.

A kan tebur komai yana tafiya daidai. Da na kai shi saman tanki, batir bai kai mako ba ya mutu. Na caja na mayar, haka dai. Ga kuma wata matsala ta biyu: wani lokaci daidai sanda zai aika saƙo sai SIM800L ya mutu ya sake tashi da kansa, fitilarsa ta koma ƙyaftawa da sauri kamar yanzu aka kunna shi.

Jan wayar wuta zuwa sama ba na son yi. Ƙarfen nan kullum a jiƙe yake, yara suna hawa, ba zan iya ɗaukar alhakin ran wani ba. Ga shi wutar ma ba tsayawa take yi ba.

Na karanta cewa akwai sababbin hanyoyin sadarwa NB-IoT da LTE-M, waɗanda aka ce na'ura tana iya shekaru a kan batir ɗaya. Cikin na'urorin da ke aiki da su na ga nRF9160 na kamfanin Nordic, na ga SIM7080G, na ga bod ɗin LilyGO T-SIM7000G mai wurin saka batir da wurin jona sola. Da kuɗin dala yadda yake, guda uku ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurina. Shin in rufe ido in saya, ko akwai gyaran da zan yi wa wanda ke hannuna? Sannan idan na ƙara faifan sola, zai rufe matsalar? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa (Ikeja):

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka sayi komai tukuna. Daga abin da ka lissafa, ba wurin aika saƙo batirinka yake ƙarewa ba, a cikin barci yake ƙarewa.

Gaskiya ne ESP32 idan ya shiga barci mai nauyi wutar da yake sha tana sauka zuwa wajen 10 µA (µA dubu ne mA ɗaya). Amma wannan lissafin na ƙwayar guntun ce ita kaɗai, ba na bod ɗin da ka sayo ba. Ɗauki bod ɗin ka duba da kyau. Kusa da bakin USB za ka ga wani baƙin abu mai ƙafa uku da faffaɗan kunne, yawanci an rubuta AMS1117 a kansa. Wannan regyuleta, mai daidaita ƙarfin wuta, shi kaɗai yana shan kusan 5 mA ko da ba ya ciyar da komai. Ga jar fitilar nan da ba ta mutuwa. Ga guntun USB. Sannan ka ɗaga wutar batir zuwa 5V, regyuleta ya sake sauke ta zuwa 3.3V, kowane mataki da asararsa. Sensarka tana jone da 5V dare da rana. Babban mai shan kuwa shi ne SIM800L, domin ba ka ce ka ba shi umarnin barci ko mutuwa ba, wato yana nan a farke yana sauraron eriyar kamfani awa 24, wannan kuwa ya haura 10 mA.

Mu ɗauka duka sun taru sun kai 25 mA. Sau awa 24, ka ga 600 mAh ke nan a rana. Batir mai 2,500 mAh na gaskiya kwana huɗu zai yi. Yanzu lissafa aikin da ka haɗa na'urar dominsa. Mu ce kowace aikawa tana ɗaukar daƙiƙa 30, a matsakaicin 150 mA. Wannan 1.25 mAh ne. Sau 24 a rana, 30 mAh. Ka gani? Aiki ya ci 30, zaman banza ya ci 600. Kamar tankin kawunka ne a ce yana da huda a gindi: masu kura ba su ne ke ƙarar da ruwan ba, kuma ƙara girman tanki ko ƙara sumo ba zai hana yoyo ba. Sola a wannan halin rufa-rufa ce kawai, ranar da hadarin watan Yuni ya kwana uku bai ɗaga ba za ka koma inda ka fito.

Abin da zan ce ka yi, ka rabu da ɗaga wuta zuwa 5V don ESP32. Cire AMS1117 da fitilar, ko ka sayi moduli zalla wanda ba shi da USB. Sa HT7333 ko MCP1700 a madadinsa, kai tsaye daga batir zuwa 3.3V. Na farkon yana shan wajen 4 µA, na biyun ƙasa da 2 µA, kuma kowannensu yana iya ba da 250 mA, wanda ya ishe ka tunda ba ka kunna Wi-Fi. Sensa da bod ɗin 5V kuma ka sa su bayan MOSFET, wato makunnin lantarki da kod ke sarrafawa, ESP32 ya kunna su na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya auna ya kashe. SIM800L ma haka: bayan ya gama aikawa ka tura masa umarnin kashe kansa, AT+CPOWD=1, ka jira ya amsa, sannan MOSFET ya yanke masa wuta gaba ɗaya. Ka kula da abu ɗaya da ke kayar da mutane da yawa: kafin barci ka saki ƙafafun TX da RX da ESP32 ke magana da modem ta cikinsu, kada ka bar su da wuta a kansu, in ba haka ba wuta za ta riƙa bi ta cikinsu tana shiga modem ɗin da kake zaton ka kashe.

Idan kana auna ƙarfin batir da resista biyu, duba girmansu. Biyu masu 100k a kan 4.2V suna zubar da 21 µA ba tsayawa, sun ninka abin da ESP32 ɗin kansa ke sha. Mayar da su 1M biyu, ka ƙara ƙaramin kafasita na 100 nF a tsakiya don awon ya zauna.

Kafin duk wannan, auna. Sa mitarka ta auna wuta a tsakanin batir da na'ura. Idan ka sa ta a kan µA tun farko na'urar ba za ta tashi ba, saboda mitar kanta tana rage wuta. Dabarar ita ce ka haɗa bakunan mitar biyu da guntuwar waya mai ƙugiya, ka kunna, ka bari ya aika saƙonsa ya yi barci, sannan ka cire guntuwar wayar a hankali ka karanta. Dawo mana da lambar da ka gani.

Maman Ilham (Yaba):

Sannu da ƙoƙari ƙanina, Allah ya yi albarka, hidimar kawu ba ƙaramin abu ba ne. Duk abin da Baban Khalifa ya faɗa haka yake. Ni zan taɓa ɗaya ɓangaren tambayarka ne, na sababbin na'urorin, tunda da su nake aiki.

NB-IoT da LTE-M sun fito ne a kashi na 13 na ƙa'idojin 3GPP, ƙungiyar da ke tsara fasahar layin waya, a 2016, kuma an tsara su ne don irin aikinka: saƙo ƙarami, jefi-jefi, a kan batir. Abin da ya sa suke daɗewa ba wai suna aika saƙo kyauta ba ne. Sirrin yana cikin wani yanayi da ake kira PSM. A tsarin da Baban Khalifa ya ba ka, duk sanda ka yanke wa modem wuta, idan ya tashi sai ya nemi sabis daga farko, ya yi rajista, ya buɗe data, shi ne daƙiƙa 30 ɗin nan ko fiye. A PSM kuwa modem yana kashe rediyonsa amma sunansa yana nan a rajistar netwok. Idan ya farka ba ya sake gabatar da kansa, aikawa kawai yake yi ya koma. A wannan barcin nRF9160 yana shan wajen 2.7 µA, wato ƙasa da 0.1 mAh a rana. Kuma shi a cikin guntu ɗaya aka haɗa modem da GPS da kwakwalwar Cortex-M33, saboda haka ba ka buƙatar ESP32 a gefe. Yana karɓar wuta daga 3.0V zuwa 5.5V, batirin lithiyam ɗaya ya ishe shi kai tsaye.

Amma ga inda nake son ka natsu. PSM roƙo ne na'urarka take yi, netwok ne ke da ikon amincewa. Da AT+CPSMS kake neman lokuta biyu: T3324, tsawon lokacin da modem zai tsaya a farke bayan ya gama aiki, da T3412, tsawon lokacin da zai iya ɓacewa kafin ya leƙo ya ce yana nan. Ƙa'ida ta ba da dama har sama da kwana 400, amma kamfanin layi yana iya ba ka abin da ya ga dama, yana iya ƙi gaba ɗaya. Idan ka saka AT+CEREG=4 za ka ga ainihin abin da aka ba ka a amsar da ke dawowa. Layukan ƙasar waje masu yawo a kan netwok ɗin wasu sau da yawa ba a ba su PSM, sai mutum ya sayi na'ura mai tsada ta riƙa shan wuta kamar tsohuwar. Akwai kuma eDRX, inda modem ke leƙowa lokaci-lokaci ko an aiko masa da saƙo, har kusan minti 44 a LTE-M, kusan awa uku a NB-IoT. Kai ba ka buƙatarsa, tunda tankinka magana kawai yake yi, ba a yi masa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ganin 4G a wayarka ba ya nufin akwai NB-IoT ko LTE-M a wurin. Sai kamfanin layi ya kunna su a eriyarsa, kuma sai layinka yana da izinin shiga. nRF9160 da SIM7080G ba su da 2G ko kaɗan. Idan ba su samu nasu sabis ba, nema za su yi ta yi har batir ya mutu, kuma neman sabis yana daga cikin abubuwan da suka fi cin wuta. Saboda haka kada ka sayi uku. Ari ɗaya ko ka sayi ɗaya, ka hau da shi saman kowane tanki, ka tura AT+COPS=? ka ba shi 'yan mintuna, ka ga abin da ya gani da kansa. Agege daban, Ojo daban.

Idan har za ka kashe kuɗi, ni na fi karkata ga wanda ke da mafita biyu. SIM7000G da Quectel BG95-M3 suna da LTE-M da NB-IoT, kuma suna iya komawa 2G idan babu. Akwai kuma LTE Cat 1, irin su A7670 na SIMCom, wanda yake hawa 4G na yau da kullum ba tare da an kunna masa komai na musamman ba. Shi ba gwanin barci ba ne, yanke masa wuta za ka yi kamar SIM800L, amma yana gama aikawa da sauri. Ka duba harafin ƙarshen sunansa da jerin zangon da yake kamawa kafin ka biya, domin iri-iri ne gwargwadon yankin duniya. Dalilin da ya sa nake ambatarsa shi ne ƙasashe da dama sun riga sun rufe 2G, abin da za ka ɗora a kan tanki ka bar shi shekaru ya kamata ka yi masa wannan tunanin.

Bod ɗin LilyGO da ka ambata yana da daɗin gwaji, amma shi ma ka auna barcinsa da mita, kada ka ɗauka lambar da ke takardar modem ita ce ta bod ɗin gaba ɗaya.

Mai Gyaran Inbata (Mile 12):

Malam, ni ban san kod ba, batir na sani. Me aka rubuta a jikin 18650 ɗinka? Idan ka ga 6,800 ko 9,900 mAh, ƙarya ce tsagwaronta. Na gaskiya mafi girma yana tsayawa ne wajen 3,500 mAh, kuma nauyinsa yana kai giram 45 zuwa sama. Ɗora naka a ƙaramin sikeli. Na sha fasa na jabu in tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran da gari. Gara ka samu tsohon batirin laftof na asali ka fasa, ka gwada ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ka sayi sabo mai ƙyalli da babbar lamba.

Sai zafi. Murfin baƙin tanki da azahar ba ya taɓuwa da hannu. Batirin lithiyam irin naka ba a son a caja shi idan zafinsa ya wuce digiri 45, ga shi lokacin da sola ke ba da wuta shi ne lokacin da akwatin ya fi zafi. TP4056 tana da ƙafar auna zafi, amma a yawancin 'yan bod ɗin da ake sayarwa an haɗe ta da layin negatif, ba ta aiki. Kuma an saita ta a kan 1A, ita kanta tana ɗaukar zafi. Kada ka ɗora akwatin a kan murfi. Sensa kaɗai ta zauna a sama, ka ja wayarta, akwatin ya sauka ƙarƙashin dandamalin da tanki ke zaune, inda inuwa take kullum kuma iska na wucewa. Akwatin roba fari, ba na ƙarfe ba, don ƙarfe yana toshe eriya. Duk hudar da waya za ta shiga ta kasance ta ƙasa, ka lanƙwasa wayar ta sauka kafin ta hau, ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga. Damshin Legas yana cin jan ƙarfe, ka shafa wa bod ɗin abin kariya bayan ka gama liƙi.

Idan kana son nau'in batirin da ya fi jure zafi, LiFePO4 ne. Amma wutarsa 3.2V ce, cikarsa 3.6V, cajarsa daban ce, kada ka kuskura ka sa masa TP4056 mai kaiwa 4.2V.

Mai Sola Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yaya Baban Khalifa, na yi awon yadda ka ce. A barci mitar ta nuna 31 mA. Da na zare SIM800L ta sauka zuwa 17, da na zare sensa da bod ɗin 5V na ciyar da shi ta wata hanya ta koma ƙasa da 10. Na ɗaga AMS1117 da fitilar, na sa HT7333 da na samu a Computer Village, na yanke layin da ke kai wa guntun USB wuta, yanzu ESP32 shi kaɗai yana nuna 19 µA. Sai da na sake aunawa don ban yarda da idona ba.

Malam Mai Inbata, 9,900 aka rubuta a jikinsu, kuma kowanne bai kai giram 30 ba a sikeli. Na ajiye su gefe.

Anti Maman Ilham, na fahimci bayaninki, zan fara da gyaran wanda ke hannuna, in nemi aron guda ɗaya mai LTE-M in gwada a wuraren uku kafin in yanke shawara. Saura matsalar mutuwar SIM800L lokacin aikawa. Kuma jiya da asuba sensar ta ba ni cewa tanki a cike yake alhali rabi ne, da rana kuma ta dawo daidai.

Baban Khalifa (Ikeja):

Madalla, 19 µA lamba ce mai kyau. Ka ga yanzu barcin yini guda bai kai rabin mAh ba.

Mutuwar modem ɗin yunwar wuta ce. 2G ba a jere yake aikawa ba, fizga yake yi: kusan rabin milisakan yana jan wuta har 2A, ya saki, ya sake bayan milisakan 4.6. Mitarka ba za ta taɓa nuna maka wannan ba saboda ya fi ta sauri. SIM800L yana son tsakanin 3.4V da 4.4V, da zarar fizgar ta ja wutar ƙasa da 3.4V sai ya mutu. Ƙaramin bod na 5V da diyod da siraran wayoyin gwaji ba za su iya ba da 2A ba. Ba shi kai tsaye daga batir ta MOSFET mai ƙaramar turjiya, da gajeriyar waya mai kauri, a liƙe da dalma, ba a soke ba. Sa kafasita na 1,000 µF ko fiye daf da ƙafafunsa. Sannan duba ƙarfin sabis da AT+CSQ a saman tanki. Lambar tana tafiya daga 0 zuwa 31, idan ka ga 99 bai ga komai ba. Inda sabis ya yi rauni modem yana ƙara ƙarfin muryarsa, wuta ta ƙara tafiya, don haka eriya mai kyau da aka fito da ita waje tana rage cin batir.

Idan ka koma LiFePO4 kamar yadda Malam ya kawo, ka tuna 3.2V ta yi wa SIM800L kaɗan, sai ka ɗaga masa. Ni a wannan aikin zan zauna a kan 18650 na asali a inuwa.

Sensar kuma raɓa ce. Da dare tururin cikin tanki yana taruwa a fuskarta, sautin ya dawo nan take, ta ɗauka ruwa ya iso gabanta. Da ma ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da santimita 20 zuwa 25. Ɗaga ta sama da iyakar cikar ruwa da fiye da haka, ka auna sau biyar a jere ka ɗauki na tsakiya, kuma kod ya yi watsi da duk awon da ya ce ruwa ya tashi daga rabi zuwa baki a awa ɗaya ba tare da an kunna sumo ba.

Malama Maman Ilham, ina tare da ke a kan gwaji kafin saye. Inda na ɗan bambanta shi ne, ga mai tanki uku, ina ganin 2G da yanke wuta zai kai shi nesa kafin ya buƙaci wani abu. Kayan gyaransa suna nan a kasuwa, idan ya ƙone yau gobe ya sauya.

Maman Ilham (Yaba):

Ban ƙi ba Malam, ga tanki uku hakan ya wadatar. Abin da zan roƙa shi ne ya ware modem ɗin a ɗan bod nasa daban mai fulogi, ranar da zai sauya zuwa Cat 1 ko LTE-M ba sai ya rushe komai ba.

Ƙanina, yanzu da ka toshe ɓarnar barci, aikawa ce ta zama babbar mai ci, kuma nan kod ne zai yi aiki. Kawu ba ya buƙatar saƙo 24 a rana. Ka riƙa aunawa duk awa, wannan daƙiƙa biyu ne a wajen 60 mA, bai kai 1 mAh ba a yini. Ka adana lambobin a ƙwaƙwalwar RTC ta ESP32, wadda ba ta gogewa a barci mai nauyi. Ka kunna modem sau huɗu kawai a rana, 5 mAh ke nan a lissafin Baban Khalifa, sai kuma idan ruwa ya sauka ƙasa da kwata ko ya kusa baki, nan ya aika nan take. Jimilla wajen 6 zuwa 7 mAh a rana. A takarda batir mai 2,500 mAh ya kai shekara, a zahiri ka rage saboda zafi da zubar da batir ke yi da kansa, amma watanni ne masu yawa. A nan ne ƙaramin faifan sola na 6V mai wat biyu zai yi ma'ana, domin awa ɗaya ta rana mai kyau ta biya bashin makonni. Sai dai lokacin da sumo ke aiki awa ɗaya ta yi tsawo, tanki zai iya cika ya zuba kafin awo na gaba. Idan kod ya ga ruwa yana hawa, ya koma aunawa duk minti biyar har ya tsaya.

Ka yi tunanin tes ma maimakon data. Saƙon tes ɗaya mai cewa "Ojo: ruwa kwata, batir 3.9" ba ya buƙatar saba, ba ya buƙatar buɗe data, kuma kawu zai karanta shi a kowace irin waya. Idan kana son tarihi a saba, ka haɗa awon awa shida a saƙo ɗaya, kada ka buɗe sabuwar hanya don kowace lamba, gaisuwar buɗe hanya mai tsaro ta fi saƙon naka girma nesa ba kusa ba.

Layukan ka yi musu rajista da NIN ɗin kawu tunda kayansa ne, ka rubuta lambobinsu a jikin akwati, ka riƙa duba kuɗin ciki, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi.

Na ƙarshe, ka sa wa kowane jira iyaka. Idan modem ya yi daƙiƙa 90 bai samu sabis ba, kod ya kashe shi ya koma barci, ya sake gwadawa a zagaye na gaba, idan ya sake faɗuwa ya ninka tazarar. Ba tare da wannan ba, dare ɗaya da eriyar unguwa ta mutu ya isa ya shanye cajin wata biyu. Idan kuma ƙarfin batir ya sauka ƙasa da 3.5V, ya aika saƙo ɗaya na gargaɗi ya daina kunna modem har sai ya ga wuta ta dawo. In ka samu wanda ke da Power Profiler Kit II na Nordic ka ara, zai zana maka cin wutar daga 200 nA zuwa 1A a allon kwamfuta, amma ka auna ɓangaren ESP32 da sensa kawai da shi, fizgar 2A ta SIM800L ta wuce iyakarsa.